Wa Ke Ƙirga Kwanakin Ɗan Kaso?

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cin abinci da buga takardu a Maradi. Shagon ɗaki guda ne: kwamfuta biyu, injin fotokofi mai tari kamar tsohon mashayin taba, da benci a ƙofa. Masu zama bencin nan iri uku ne. Akwai ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu son a buga musu aikin ƙarshen karatu yanzu-yanzu, akwai masu haɗa dosiyen neman aiki, sai kuma waɗanda ba sa gaggawa ko kaɗan domin jira ya riga ya zame musu jiki, wato masu ɗan'uwa a gidan kaso.

Wata huɗu da suka wuce, wata dattijuwa daga wani ƙauye na yankin Gidan Rumji ta zauna a bencin. Ta kwance bakin zane ta fito da leda, cikin ledar da wata ledar, cikinta da fotokofin katin ɗan ƙasa na ɗanta. So take a rubuta wa alƙali takarda a ji inda aka kwana. Ɗan nata ɗan kabu-kabu ne. An sace wani mutum a can wajensu, masu garkuwa suka riƙa kiran iyalinsa suna cinikin kuɗin fansa, aka bi lambar, sai aka tarar da sunansa aka yanki layin. Ita cewa ta yi wani fasinjansa ne ya taɓa aron katin ya sayi layi tun shekarun baya. Ko haka ne ko ba haka ba, wannan aikin alƙali ne, ni mai buga takarda ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin kwanakin. Daga kiran farko zuwa ranar da aka ɗaura masa ankwa, mako biyu bai cika ba. Daga ranar zuwa ranar da ta zauna gabana, wata 11, ba zaman kotu, ba labari.

Na ce, "Inna, kin san lambar dosiyensa?"

Ta ce, "Ɗan nan, ni lamba guda na sani, ta waya, ita ce kuma ta kai shi inda yake."

Tun ranar nake juya maganar nan. Ana yawan cewa fasahar zamani ba ta shigo shari'armu ba tukuna. Ta shigo mana, sai dai ta ƙofa guda ta shigo. Wajen kamu, hukuma tana da rajistar layukan waya, tana da jerin kira, tana da hoto da saƙon murya. Wajen sanin wa ke tsare, tun yaushe, dosiyensa yana kan teburin wa, da kuma ranar da doka ta ce a gurfanar da shi ko a sallame shi, a mafi yawan wurare har gobe sai babban littafi da biro da ƙwaƙwalwar magatakarda. A ganina, duk jikar da gwamnati za ta kashe a kan kwamfuta a fannin shari'a, a fara kashe ta wajen ƙirga kwanakin ɗan kaso, kafin kyamarar kan titi, kafin na'urar gane fuska, kafin duk wani abin da ke yin kyau a labarun talabijin na dare.

Wanda bai taɓa shiga wannan rigima ba, Allah ya ci gaba da tsare shi, bari in bi da shi hanyar. Jandarma ko ɗan sanda ya kama mutum, doka ta ba shi awa 48 ya riƙe shi yana bincike, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara. Laifin ta'addanci yana da nasa wa'adi mai tsawo. Daga nan sai a miƙa mutumin da takardar bayaninsa ga mai gabatar da ƙara. In abin babba ne, a ɗora shi kan alƙali mai bincike, shi kuma ya sa hannu a takardar da muke ce wa manda, a kai mutum kaso ya jira. Shi ma wannan jiran doka ta yanka masa iyaka. Hannu huɗu ke nan, kowa da littafinsa, kuma littafi ba ya buga wa littafi waya. A ɗauke alƙali a kai shi Tawa ko Difa, wanda ya gaje shi ya tarar da tarin dosiye ɗaure da igiya, da wanne zai fara? Da wanda ake ƙwanƙwasa masa ƙofa a kai. Mai lauya ko mai dangi masu faɗa a ji, nasa yana hawa sama, na marar gata yana nitsewa ƙasa, inda gara da yoyon damina suke. Ba sai an samu mugu ko guda ba a cikin jerin nan kafin a manta da bawan Allah. Rahotannin masu kare haƙƙin ɗan'adam sun sha nuna cewa fiye da rabin mutanen da ke gidajen kaso na Nijar ba a yanke musu hukunci ba tukuna.

To ita kwamfuta, in da abin da ta iya, ƙirga ce. Ba ta da wayon alƙali, amma ba a sauya mata wurin aiki, ba ta zuwa hutu, ba ta san ɗan Alhaji da ɗan talaka ba. A ba kowane kamamme lamba guda tun daren farko da ya kwana a komisariya, lambar ta bi shi ofishin mai gabatar da ƙara, ta bi shi wurin alƙali, ta bi shi kaso. Wa'adi in ya kusa cika, sunansa ya yi ja a gaban mutum uku a lokaci guda: alƙalin, mai gabatar da ƙara, da shugaban gidan kason. In ya wuce, jan ya bayyana har Yamai. Shi ke nan abin da nake nema. Ruwanda ta kafa irinsa tun 2016, tsari guda da ya haɗa masu bincike, masu gabatar da ƙara, kotuna da gidajen kaso. Amma ma me ya kai mu Kigali? Shiga kowane ofishin Nita ko Al Izza ko Amana a garin nan ka aika jika goma Agadas. Kafin ka sa takalminka a ƙofa, saƙo ya shiga wayar mai karɓa, da lamba, da suna, da minti. Alhazan Maradi kuwa sun san inda kowace motar kayansu ta kwana a hanya. Ƙasar da ke iya bin sawun jika goma har bakin hamada ba za ta ce bin sawun mutum guda daga wannan ofis zuwa wancan ya gagare ta ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin ni ma ita nake ba masu zuwa shagona da rana tsaka: ba wuta. Wutar Maradi ta layin Katsina zuwa Gazawa take zuwa, kuma babu wanda ya manta watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai Maris na 2024. Wannan hujja ce ta cewa kada a ƙone littattafan, kuma kada a sayo tsarin da ba ya numfashi sai da intanet mai ƙarfi. Amma mai cajin waya na kasuwar ƙauye, da faifan hasken rana guda biyu yake cika wayoyi hamsin. Kotun gunduma ba ta fi ƙarfin abin da shi ya iya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne irin aikin da muka saba gani: masu ba da agaji su kawo kwamfutoci, a yi taron horo na kwana uku a otal, a raba jakunkuna, shekara biyu kuɗin aikin ya ƙare, kwamfutocin su koma abin ɗora dosiye a kai.

Ga wani ƙaramin misali da kowa ya sani, kaziye, takardar da ke shaida ko kotu ta taɓa hukunta mutum. Ba a haɗa dosiyen aiki ko na jarrabawar shiga aikin gwamnati sai da ita, kuma kada ta wuce wata uku da fitowa. A kotun yankin da aka haife ka ake ajiye bayananka. Malamin lakwal da aka haifa a Gigime yana koyarwa a Dakwaro, sai ya nemi wanda zai je masa can, ya aika kuɗi, a sako takardar a mota. Mai gaskiya ya sha wahala ke nan. Shi kuwa wanda aka hukunta a wani gari, in takardar hukuncin ba ta isa kotun mahaifarsa ba, kaziyensa fes zai fito kamar na jariri. Rumbu guda na ƙasa baki ɗaya zai rage wa na farko wahala, ya rufe wa na biyu ƙofa.

Kada a ɗauka ina ƙyamar bin sawun waya. Wanda ke da dangi a Madarunfa, Gabi, Ɗan Isa ko ƙauyukan da ke bakin dajin Baban Rafi ya san abin da dare yake nufi a can: harbi, kora shanu, ɗauke magidanci ko matarsa, washegari waya ta yi ƙara. Ɗan bindiga yana iya ɓoye fuskarsa, yana iya tsallaka iyaka cikin awa guda, amma cinikin fansa dole da waya zai yi shi. Ita ce igiyar da ya bari a baya, kuma wauta ce a ce jami'in tsaro kada ya ja ta. Dalilin da ya sa ke nan aka tilasta rajistar layuka, har a 2013 aka katse sama da miliyan ɗaya da rabi da ba a yi wa rajista ba a Nijar. Dalilin da ya sa ke nan a Satumba na 2021 Najeriya ta rufe rezo, abin da su ke ce wa sabis, a duk jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya maƙwabciyarmu. Amma rezo bai san iyaka ba, kuma mutumin bakin iyaka, na kirki da na banza, layi biyu gare shi, na nan da na can. Saboda haka musayar bayanai tsakanin ƴan sandan ƙasashen nan dole ce. Akwai ma tsarin da Interpol ta fara tun 2012 da kuɗin Tarayyar Turai don haɗa bayanan ƴan sandan Afirka ta Yamma, kuma Nijar tana cikin ƙasashen farko, tare da Benin, Gana da Mali.

Inda nake jan kunne shi ne, lamba ba mutum ba ce. A ƙauyukanmu katin ɗan ƙasa guda yana yanka wa gida guda layi: na maigida, na matansa, na ƙanensa da bai yi kati ba, har na maƙwabci da ya zo da "don Allah". Waya tana kwana a rumfar mai caji, tana yawo hannu-hannu, ana sayar da ita a kasuwa da sim ɗinta a ciki. Ga kuma sunayenmu. Sani Abdu nawa ne a tsakanin Tasawa da Tibiri? Ibrahim Musa fa? Da yawansu ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya kotu ta ba su, aka rubuta "an haife shi wajen shekara kaza", ko aka liƙa musu ɗaya ga Janairu. Zuba waɗannan a rumbun kwamfuta ba tare da zanen yatsa ba, ka ga yadda laifin Sani Abdu na Mayahi zai tare Sani Abdu na Agye a shingen hanya. Da littafi ne, kuskuren a gari guda zai tsaya. A kwamfuta kuwa, duk ƙasa zai bi shi, kuma jami'in da ya tare shi zai juyo masa da allon ya ce, "Ga shi nan, na'ura ce ta faɗa."

Wannan "na'ura ce ta faɗa" ta taɓa cin mutane a ƙasar da ba a ɗauke wuta. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata da maguɗin lissafi, saboda wata manhaja mai suna Horizon tana nuna kuɗi sun yi giɓi. Mutanen suna rantsuwa ba su taɓa ko sisi ba, kotuna suna gaskata kwamfuta, domin ƙa'idar can tana ɗaukar na'ura a kan daidai take aiki sai in an kawo hujjar akasin haka. Wasu sun yi zaman kaso, wasu sun tsiyace, wasu sun mutu da tabon sata. Ashe manhajar ce ke da ciwo. Sai a 2024 majalisarsu ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Waɗannan suna da lauyoyi da jaridu, duk da haka sai da aka shekara ashirin ana jan magana. Ɗan kabu-kabun Gidan Rumji da wa zai ja?

Sai kuma ɓangaren da fasaha ta fi gudu a cikinsa, wato maganar baki. A Yuli na 2019 Nijar ta yi dokar yaƙi da laifuffukan intanet. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan zagi da ɓata suna, a Yuni na 2024 aka maido shi: shekara 1 zuwa 3 a kan zagi ko ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a ko taɓa mutuncin ɗan'adam. Dokar tana da aikin yi, ban musa ba. Na ga yarinyar da tsohon saurayi ya watsa hotonta ana saura mako guda ɗaurin aure, na ga ɗan kasuwar da bokal guda na ƙarya, wato saƙon murya, ya kore masa masu saye. Irin waɗannan a da sai dai su bar wa Allah. Amma kalmar "ka iya dagula zaman lafiya" riga ce mai faɗi, kowa aka ga dama ana iya zura masa ita. ƴar jarida Samira Sabu ta yi kusan mako bakwai a kaso a 2020 a kan rubutun Facebook kafin kotu ta sake ta, kuma ita sunanta ya kai ƙasashen waje. Manomin da ya tura bokal cikin zauren WhatsApp na ƴan garinsu yana kukan an kwashe musu shanu ba wanda ya kawo ɗauki, shi wa zai ji labarinsa?

A nan sana'ata ta ba ni ikon magana. Kusan kullum sai wani ya kawo mini hoton allon waya in buga masa a takarda, zai kai ƙara da shi. Ni kuwa na san yadda ake haɗa irin wannan cikin minti biyar: ka adana lambar abokinka da sunan wanda kake son ka ɗaure, ka sa hotonsa, abokin ya turo maka zagi, ka ɗauki hoton allon. Ba ya buƙatar ilimi. Yanzu ma har murya ana kwaikwaya da manhaja, ta fito da kalaman da mai ita bai taɓa furtawa ba. Hoton allo a takarda bai isa hujja ba sai an ga wayar kanta, an ga lambar, an tambayi kamfanin layi. Wa zai nemi a yi haka a madadin wanda ake tuhuma? Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, kilomita sama da 600 daga nan. Kamata ya yi kowace babbar kotu ta jiha ta samu masanin na'ura rantsattse, wanda wanda ake zargi ma zai iya cewa a kira shi, kuma ga jami'a a garin nan tana yaye matasan da za su iya.

Haka nan duk rumbun da za a gina, a gina shi da idon da ke kallon mai kallo. Duk jami'in da ya buɗe dosiyen wani, ko ya gyara kwanan wata, ko ya nemi jerin kiran wata lamba, sunansa da lokacin su zauna inda shi ba zai iya gogewa ba. Muna da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar da aka kafa don ita, muna kuma da dokar 2020 da ta ba da damar sauraren wayoyi saboda tsaro. Ta biyun tana da haƙora. Ta farkon ce ya kamata a ga nata, in ba haka ba wata rana mai kishi zai bi sawun matarsa da kayan gwamnati, mai bin bashi ya bi na abokin cinikinsa.

Shari'a ta bidiyo kuwa, da ake ta yabo, ban ɗoki ba. Ta yi amfani ga shaidan da ke nesa, ko ga ɗaukaka ƙara, da shekara da shekaru mutanen Maradi ke bin hanyar Damagaram dominta. Amma ranar farko da za a kawo kamamme gaban alƙali, a kawo shi da jikinsa. Kyamara ba ta nuna bayan mutum, kuma wanda mai gadinsa ke tsaye a gefen allo ba zai ce an dake shi ba.

In an gina rajistar da nake faɗa, a buɗe mata taga ta wajen talaka. Tun Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar a hukumance. To a fara nuna haka a nan: lambar waya ta kyauta, uwa ta kira, ta danna lambar dosiyen ɗanta, murya ta gaya mata da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, cewa dosiyen yana wurin alƙali mai bincike, zama na gaba ranar kaza. Da murya, domin yawancin iyayenmu ba sa karanta boko. Na san waɗanda wannan ba zai yi wa daɗi ba. A bakin kowace ma'aikata da talaka ke tsoro akwai masu zaman inuwa, waɗanda jarinsu kawai shi ne "bari in shiga in duba miki, kawo na goro". Labarin da ya kamata a samu kyauta shi suke sayarwa, wani lokaci ma na ƙarya. Ni kaina, in za a bi gaskiya, cinikina zai ragu, domin takardun "ranka ya daɗe, muna neman sanin halin da ake ciki" suna cikin abin da ke biya mini hayar shago.

Dattijuwar nan takan zo farkon kowane wata, ranar da motar kasuwar garinsu ta shigo. Ta fara kai wa ɗanta ƙullin gari da ƙuli-ƙuli, sannan ta biyo ta wurina. Na daina karɓar kuɗinta tun zuwa na biyu, ba don kirki ba, don aikin bai kai a biya ba: takardar tana nan adane a kwamfutata, kwanan wata kawai nake sauyawa da lamba guda a layi na uku. Ta dangwala yatsa, na ninke mata, ta mayar cikin ledar da ke cikin leda. Ranar Litinin da ta wuce na goge wata 14 na rubuta 15.